Dama ta biyar: abin da ya faru a filin Dartmouth a 1940 da na filin Missouri a 1990

Ɗan'uwa, ka tambaya wai da gaske ne a ƙwallon jami'o'in Amurka an taɓa ba wata ƙungiya dama ta biyar har ta ci wasa da ita, kuma tsakanin labarin Cornell da na Colorado wanne ya fi ban mamaki. Da gaske ne wallahi, kuma waɗannan biyun su suka fi suna, shekara 50 cif tsakaninsu, kuskure iri ɗaya, amma abin da ya biyo baya ko kusa bai yi kama ba.

Saboda waɗanda ba sa kallon irin wannan ƙwallon, ita dokar ita ce in ƙwallo na hannunku kuna da dama huɗu ku ci gaba da yadi 10, in kun yi a sake ba ku wasu huɗun, in kun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Huɗu ne ba ƙari. Akwai ma mutum a gefen fili riƙe da sanda mai lamba a kai, 1, 2, 3, 4, aikinsa ke nan ya dinga juya ta.

Na farkon ranar 16 ga Nuwamba 1940 ne, a Memorial Field da ke garin Hanover a jihar New Hampshire, filin Dartmouth, ƙaramin fili ne da aka gina don tunawa da ɗaliban makarantar da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Cornell suka zo baƙunta suna tashe, wasa 18 a jere ba wanda ya doke su, su ne na biyu a duk ƙasar. Na biyun kuma ranar 6 ga Oktoba 1990, Colorado ne suka je baƙunta wurin Jami'ar Missouri a filinta na Faurot Field da ke garin Columbia a jihar Missouri, wanda shi babban fili ne tun 1926, mai ƙatuwar M ɗin nan da aka jera da fararen duwatsu a kan tudu a bayan raga. A lokacin ba ciyawa ba ce a filin, wani kafet ne na roba mai yashi a ciki da ake kira Omniturf, santsi gare shi sosai, ka riƙe wannan don zai dawo a maganar.

A Hanover, Dartmouth ne ke gaba 3 da 0, saura ƙasa da minti ɗaya, Cornell suka kawo ƙwallo yadi 6 da layin ci. Suka yi gudu da ita sau uku har suka zo dab da layin, sai aka ci su tarar yadi 5 saboda ɓata lokaci, a dama ta huɗu suka jefa ba a cafe ba. A nan ya kamata magana ta ƙare. Amma rafali Red Friesell lissafi ya ruɗe masa, ya ɗauki ƙwallo ya sake ajiye wa Cornell, Walter Scholl ya jefa wa William Murphy ya cafe a cikin gida, wato bayan layin ci, suka ƙara da bugun maki ɗaya, aka tashi 7 da 3.

A Columbia kuwa abin ya fi rikitarwa, don ba mutum ɗaya ne ya yi kuskuren ba. Missouri na gaba 31 da 27, saura daƙiƙu kaɗan, Charles Johnson na Colorado, mai jefa musu ƙwallo, wanda canji ne don mai wurin, Darian Hagan, ya ji ciwo, ya jefa wa Jon Boman, shi kuma yana shirin shiga gida santsin filin ya kwashe shi ya faɗi kusan yadi 3 da layi. Dama ta ɗaya Johnson ya buga ƙwallo da ƙasa don agogo ya tsaya. Ta biyu Eric Bieniemy ya kutsa aka tare shi dab da layi, Colorado suka nemi hutunsu na ƙarshe, to a cikin wannan hutun ne mai sandar bai juya lamba daga 2 zuwa 3 ba, kuma alƙalai bakwai a fili ba wanda ya lura. Aka dawo Bieniemy ya sake kutsawa aka sake tare shi, Johnson ya kalli sanda ya ga 3, ya sake buga ƙwallo da ƙasa saura daƙiƙa 2, alhali wannan ita ce ta huɗu. Sai ta biyar, ya rungumi ƙwallo ya faɗa cikin jama'a da kansa, alƙalai suka ɗaga hannu. Har yau 'yan Missouri da yawa rantsuwa suke yi ko a ta biyar ɗin ma bai tsallaka layin ba.

Kai ka ga yadda filin ya koma a ranar, 'yan kallo suka ɓarke suka cika fili har suka karya sandar raga, alƙalai suka tsaya suna shawara kusan minti 20 bayan an nuna musu an yi biyar, ƙarshe suka ce cin ya zauna. Sai da aka dawo da 'yan wasa don ƙarasa bugun bayan ci, Colorado kuma suka ƙi bugawa, suka durƙusa da ƙwallon kawai, saboda in aka tare bugun Missouri za su iya gudu da ita su samu maki 2 a yi kunnen doki. Aka tashi 33 da 31.

To ga inda hanya ta rabu. A 1940 babu talabijin da zai maimaita maka nan take, sai da aka wanke fim ɗin wasan aka zauna aka ƙirga, Friesell ya fito ya ce laifinsa ne. Doka ba ta tilasta wa Cornell komai ba fa, wasa ya ƙare, sakamako ya shiga takarda. Amma shugaban jami'ar Edmund Ezra Day da koci Carl Snavely da masu kula da wasanninsu suka buga wa Dartmouth telgiram cewa wannan cin ba namu ba ne, mun bar muku. Dartmouth suka karɓa. Shi ya sa in ka duba littafin tarihi yau Dartmouth 3 Cornell 0 za ka gani, wasa 18 ɗin nan da suke alfahari da shi ya tsaya a nan, mako na gaba ma Penn, wato Jami'ar Pennsylvania, ta doke su.

A 1990 kuwa komai yana kan talabijin kowa ya gani a daren. Jami'ar Missouri ta kai ƙara wurin hukumar gasarsu ta Big Eight tana neman a ba ta wasan, hukuma ta ce ba a sauya sakamako bayan an tashi, iyaka ta dakatar da alƙalan bakwai. Aka tambayi kocin Colorado Bill McCartney ko zai yi irin na Cornell, ya ce a'a, ya kawo maganar santsin filin, wai ba don shi ba da tuni sun ci. Abin da ya ƙara wa mutane ciwo shi ne McCartney ɗin tsohon ɗalibin Missouri ne, a nan ya buga ƙwallo. Shi ma Day na Cornell tsohon ɗalibin Dartmouth ne. Kowannensu makarantar da ta raine shi aka zalunta, ɗaya ya mayar, ɗaya ya riƙe.

Ni dai a wurina na 1940 ya fi ban mamaki nesa ba kusa ba. Rafali ya yi kuskure ba sabon abu ba ne, kowane mako ana yi a kowace irin ƙwallo, amma ƙungiyar da take harin zama ta ɗaya a ƙasa ta miƙa nasara da hannunta ba wanda ya matsa mata, wannan ne da wuya ka sake ji. Kamar mai shago ya ba ka canji fiye da naka ne, ka isa gida ka ƙirga, ba wanda zai biyo ka, kai ka ɗauki ƙafa ka mayar masa. Wannan abin yana burge ni ƙwarai, musamman in na tuna yaran da suka buga wasan, su fa sun riga sun yi murna sun koma gida a matsayin waɗanda suka ci.

Amma kar mu zalunci Colorado a maganar, don akwai bambancin da mutane ke tsallakewa. Cornell sun yi amfani da damarsu huɗu da gaske, sun kasa, sannan aka ƙara musu, ke nan in ka cire ta biyar ka san tabbas Dartmouth ne suka ci. Su kuwa Colorado biyu daga cikin damar tasu da gangan suka zubar don tsayar da agogo, kuma Johnson ba zai taɓa buga ƙwallo da ƙasa a dama ta huɗu ba da sandar ta nuna masa 4, da ya gwada shiga ne, ko ya shiga ko bai shiga ba Allah kaɗai ya sani. Wato su ma alƙalan sun yaudare su. Wannan hujjar tana da ƙarfi kuma na yarda da ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗora laifi a kan fili, don Missouri ma a kan wannan kafet ɗin suka yi gudu tun daga farko har ƙarshe.

Kuma abin bai tsaya a wasa ɗaya ba. Colorado suka gama shekarar da ci 11, faɗuwa 1, kunnen doki 1, suka doke Notre Dame 10 da 9 a Orange Bowl, babban wasan rufe kaka, 'yan jarida masu kaɗa ƙuri'a a zaɓen kamfanin labarai na AP suka ba su kambun ƙasa, su kuma koci-koci suka zaɓi Georgia Tech da ratar maki ɗaya tak, aka raba kambun gida biyu. Da an rubuta musu faɗuwa a Columbia, da faɗuwa biyu ke nan, da wuya a ce sun kai can.

Shi kuma filin Faurot, an cire wannan kafet ɗin an dawo da ciyawa a 1995, amma baƙin cikin bai bar 'yan Missouri ba. Ranar 8 ga Nuwamba 1997 Nebraska suka zo suna na ɗaya a ƙasa, Missouri na gaba da maki 7 a daƙiƙun ƙarshe, aka jefa ƙwallo ta kuɓuce wa Shevin Wiggins za ta faɗi ƙasa, ƙafarsa ta doke ta ta tashi sama, Matt Davison ya yi tsalle ya cafe ta kafin ta taɓa ciyawa. Aka tafi ƙarin lokaci, Nebraska suka ci 45 da 38, kuma su ma a ƙarshen wannan shekarar sai da suka raba kambun ƙasa da Michigan.