Ɗaga ƙarfe ko atisaye da nauyin jiki?

Matasa 'yan ƙwallo a unguwar Pantami da ke Gombe sun dame ni da tambayar nan.

Wajen kuɗi, tsuguno da tashi da tsalle-tsalle kyauta ne, ko a tsakar gida. Ɗakin motsa jiki kuwa sai ka biya. Sai dai jiki na sabawa da nauyinsa, ƙarfi ya tsaya cak. Ƙarfe ana ƙara masa kilo kaɗan-kaɗan, har tsokar bayan cinya, wadda ta fi yagewa wajen gudu, ta yi ƙwari. Matsalarsa gasa: yaro ya ga abokinsa ya ɗaga, shi ma ya cicciɓa da baya a lanƙwashe.

Sabon shiga marar koci ya fara da jikinsa. Mai burin shiga ƙungiyar ƙwallo ta Gombe United, in da mai sa masa ido, ƙarfe ya fi masa.