Cornell 1977 ko Veneta 1972: Da Wanne Za Ka Fara?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka saurari faifan situdiyo na Grateful Dead, ƙungiyar makaɗan rock ta Amurka, ba ka ji abin da ake ta zuzutawa ba, sai aka nuna maka wasanninsu biyu na gaban jama'a, na Cornell da na Veneta, kana son sanin wanne ya fi kuma da wanne za ka fara. Dukansu biyun sun daɗe a kunnena, bari in jera maka su.

Ba laifin kunnenka ba ne. Mutanen nan makaɗan dandali ne. Daga 1965 da suka haɗu a jihar Kalifoniya zuwa 1995 da Jerry Garcia, babban makaɗin jitarsu, ya rasu, sun yi wasa kimanin sau 2,300, kuma ba sa ɗaukar jerin waƙoƙi ɗaya su yi ta maimaitawa dare bayan dare. Waƙarsu "Dark Star" da ta fito a ƙaramin faifai a 1968 ba ta cika minti 3 ba, amma a Veneta ta haura minti 30. Wanda ya taɓa zama gaban makaɗin kalangu a gidan biki ya san wannan: waƙar ɗaya ce, amma ta daren jiya daban, ta yau daban, gwargwadon yadda fili ya ɗauka. Shi ya sa masoyansu suke kiran wasa da kwanan wata da sunan gari, ba da sunan faifai ba.

Na Cornell an yi shi ranar 8 ga Mayu, 1977, a zauren Barton da ke jami'ar Cornell, garin Ithaca, jihar New York. A lokacin ganguna saiti biyu ne, Bill Kreutzmann da Mickey Hart, ga Keith Godchaux a fiyano, matarsa Donna Jean tana amshi. Ba su jima da fitowa daga situdiyo ba, inda mai shirya faifai Keith Olsen ya matsa musu lamba kan daidaita kiɗa, kuma za ka ji alamar horon nan a wasan. Komai a zaune yake. Ba gaggawa, ba wanda ke take ƙafar wani. A kashi na biyu na wasan, inda "Scarlet Begonias" ke narkewa ta koma "Fire on the Mountain", za ka yi wajen minti 25 ba ka iya nuna daidai wurin da ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara ba. Jitar bes ta Phil Lesh ce ke jan ragamar, tana hawa tana sauka kamar mai tafiyar ƙasaita. Sai kuma "Morning Dew" can kusa da ƙarshe, wadda ke farawa cikin raɗa ta ƙare da tsawa. Har yau in ta zo wurin nan sai na ajiye abin da ke hannuna.

Amma gaskiya rabin sunan da Cornell ya yi daga ɗaukar sauti ya samo shi. Betty Cantor-Jackson ce ta naɗe shi, kuma tana yin haɗin sautinta na kanta ne, daban da wanda ke fita ta lasifikar zaure, shi ya sa kowane kayan kiɗa yake fitowa sarai a wurinsa. A 1986 aka yi gwanjon kayanta da ke wani ɗakin ajiya saboda bashin kuɗin haya, kaset-kaset ɗin suka faɗa hannun masoya, daga nan aka shiga kwafa ana miƙa wa juna kyauta. A zamanin da yawancin kaset ɗin da ke yawo shuu ne da hayaniya, sai ga wannan tsaf kamar kana zaune a gaban dandali. Dole ya yi suna. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin rajistar sautukan tarihi na ƙasa, amma sai a 2017 aka fitar da shi a hukumance, shekara 40 cif bayan wasan.

Veneta wata duniya ce. Ranar 27 ga Agusta, 1972, a wani fili a karkarar jihar Oregon, tsakar rana, ba rufi. Wasan taimako ne don ceto wani ƙaramin kamfanin nono da yogot na dangin marubuci Ken Kesey, har tikitin shiga a kan takardar da ake liƙa wa gwangwanin yogot aka buga shi. Zafin ranar ya kai wajen digiri 38 ko fiye, ruwan sha ya yi ƙaranci, tsirkiyoyin jita suka riƙa saki saboda zafi. Duk wannan yana cikin naɗin. Za ka ji ana tsayawa ana ɗaure tsirkiya, za ka ji sanarwar neman ruwa da ta yaran da suka ɓace wa iyayensu. A farkon wasan akwai wuraren da murya ke kaucewa, ba zan ɓoye maka ba.

To me ya sa na fi son sa? Makaɗin ganga ɗaya ne a lokacin, Kreutzmann kaɗai, domin Hart ya bar ƙungiyar tun farkon 1971 bai dawo ba sai ƙarshen 1974. Ganga ɗaya ta fi saurin juyawa. Idan Garcia ya karkata, nan take kowa ya bi, ba sai an jira mutum biyu sun daidaita hannu ba. Sun kuma dawo ke nan daga rangadin Turai, wasa 22 a watannin Afrilu da Mayu, hannu ya faɗa, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. A "Playing in the Band" da "Bird Song" za ka fara jin suna sakin igiya. Da rana ta yi sanyi suka shiga "Dark Star", a nan ne waƙa ta ƙare, hira ta fara. Akwai mintocin da babu kari, babu amshi, Lesh ya jefa magana, Bob Weir, makaɗin jita na biyu, ya amsa da wata irin jita mai gutsure-gutsure, fiyano ya cike gurbi, kuma kana ji a jikinka cewa su kansu ba su san inda za su ɓulla ba. Abin zai iya wargajewa a kowane lokaci. Bai wargaje ba. Can sai ka ji sun fito cikin wata tsohuwar waƙar kaboyi, kai ka ce dama can nan suka nufa. Wannan kasadar ce masu tara naɗin wasanninsu ke bi, kuma a Cornell ba ka samunta da yawa, domin a can sun riga sun san hanya, kyawun tafiyar kawai kake kallo.

Wata 'yar shawara a gefe: akwai bidiyon Veneta, an fitar da shi tare da sautin a 2013, amma taron 'yan hifi ne (hippies, matasan zamanin masu bijire wa al'ada) cikin zafin rana, akwai tsiraici a ciki. Ka tsaya a kan sautin, ba abin da za ka rasa.

Duk da haka da Cornell zan ce ka fara. Kunne yana bukatar ya san yadda waƙa take a tsaye kafin ya ji daɗin yadda ake kwance ta. Na ga mutanen da aka jefa kai tsaye cikin minti 30 na "Dark Star" suka kashe tun a minti na 10, ba su ƙara waiwayar ƙungiyar ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Ka ba kashi na biyu na Cornell dare biyu ko uku. Sannan ka nemi wasan da suka yi washegari, 9 ga Mayu, a Buffalo, wanda da yawa daga cikin tsofaffin masoya ke cewa bai gaza na Cornell ba, don ka ji yadda mutane ɗaya da kayan kiɗa ɗaya suke zama wani abu daban cikin kwana guda. Bayan nan ka tafi Veneta.

Duka wasannin nan suna rumbun Internet Archive, wani shafin adana kaya a intanet. A can za ka ga wasa ɗaya da naɗi iri-iri: wanda aka ɗauka daga teburin haɗa sauti, da wanda wani ya ɗauka da makirufo daga cikin taro. Ƙungiyar ta daɗe tana kau da kai ga masu naɗa, a 1984 ma ta ware musu wuri na musamman a bayan teburin sauti, da sharaɗin kada a sayar. Tun 2005 na tebur saurare kawai ake yi a shafin, na cikin taro ne ake iya saukewa. Kada ka raina na cikin taron. Na Cornell akwai shi, kuma a nan ne za ka ji ihun zauren lokacin da "Morning Dew" ta kai ƙololuwa, abin da naɗin Betty, duk da tsaftarsa, ya bari can nesa.