Karatun tarihin Fulorans da aka tura mini a memori a Gusau

Jama'a akwai wani shagon masu tura karatu a memori nan kasuwar Gusau, tafsiri na je nema sai yaron shagon ya ce alhaji akwai sabon kaya, wani malamin tarihi ne ke ba da labarin birnin Fulorans na Italiya da Hausa, kashi 6, naira 1,500. Na ce to tura mu gani.

Gaskiya malamin ya iya baki. Gari ne ba sarki, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a ke fidda shugabanni, wata 2 kacal su sauka, amma faɗa bai ƙarewa. Ɓangare biyu ne, Gelf na bayan Fafaroma, Gibelin na bayan sarkin sarakunan Jamus, kuma duk wanda ya samu sa'a sai ya kori ɗan'uwansa daga gari ya rushe masa gida. Inda ya fi kama ni shi ne yaƙin Montaperti na 1260, Gibelin suka haɗa kai da mutanen birnin Siyena suka yi wa Gelf kaca-kaca, har aka kawo shawarar a baje Fulorans ɗin baki ɗaya, sai jagoran Gibelin ɗin, Farinata na gidan Uberti, ya tashi ya ce bai yarda ba. To bayan 1266 da Gelf suka dawo gidajen Ubertin nan suka rushe, wurin ne yau ya zama dandalin gaban fadar gari. Wallahi sau uku na maimaita wannan kashin. Kuma da suka rasa abokin faɗa sai Gelf ɗin suka dare gida biyu, Farare da Baƙaƙe, a 1302 aka kori Farare. Na ce ashe tsagin jam'iyya ba kanmu farau ba.

Matsalar dai sauti ne. Ƙarar janareta ta cika kashi na 2, sai ka manna waya a kunne. Kashi na 5 kuma ana tsakiyar boren masu aikin ulu na 1378, talakawa sun ƙwace fada sun ɗora wani ɗan'uwansu Mikele di Lando a kan mulki, kawai sai ɗif ya yanke. Na koma shagon yaron ya ce haka suma suka same shi, ya ƙara mini wa'azi biyu kyauta, kuɗi kam ya ce sai oga ya dawo daga Kaura. In za ku tura ku sa ya kunna muku na 5 ɗin tukuna.