Robar abinci mai kunnuwa huɗu a matsayin mazubin jiyokashin: yadda take jure yanayin Bauchi

Duk wanda ya shiga layin masu kayan roba a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal ya san robar nan ta zuba abinci mai murfi da kunnuwa huɗu, wadda ake danna kowane kunne har sai ya ce ƙas. Matan gida suna sayenta domin ajiye miya a firij, ni kuwa na daɗe ina amfani da ita wajen ɓoye ajiya a wasan jiyokashin, kuma a kan wannan aikin zan auna ta. A ganina, cikin duk mazuban da ake samu a kasuwannin garin nan babu wanda ya kai ta dacewa, muddin an zaɓi mai kyau, an raba ta da rana, kuma ana kai mata ziyara.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum ne yake ɓoye mazubi mai ɗauke da ɗan littafin sa hannu, ya ɗauki lambobin GPS na wurin, ya wallafa su a Geocaching.com, sannan wasu su bi lambobin da wayarsu su nemo shi, su rubuta sunansu da kwanan wata, su mayar da shi yadda suka same shi. Abin ya faro ne a watan Mayu na 2000, bayan gwamnatin Amurka ta daina rage daidaiton siginar GPS da farar hula ke amfani da ita, inda a ranar 3 ga watan Dave Ulmer ya ajiye wani baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek, a jihar Oregon. Yau akwai ajiya fiye da miliyan 3 a ƙasashe sama da 190, amma a Najeriya ba su taka kara sun karya ba, kuma wannan ƙarancin ya shafi zaɓin mazubi kai tsaye. Ajiyar da ke Jamus ko Ingila tana samun masu nema a kai a kai, kuma su ne ke sanar da mai ita idan ruwa ya shiga. Tamu kuwa tana iya yin wata da watanni ba wanda ya taɓa ta, saboda haka dole mazubin ya iya kare kansa.

Abin da ya bambanta wannan robar da sauran shi ne zoben silikon da ke zagaye cikin murfinta, wanda kunnuwan ke matsewa a kan bakin robar har ruwa ya rasa hanya. A nan kuma ake gane jabu, domin kasuwa cike take da masu kama da ita. Kafin a biya kuɗi, a kife murfin a sa farce a ɗago zoben: mai kyau yana da kauri da taushi, yana fita daga gurbinsa gaba ɗaya kuma ya koma daidai, na jabu kuwa siriri ne, wani lokaci ma an haɗa bakinsa biyu da gam, kuma ta wannan mahaɗar ruwa yake bi. Wani mai shago da na saya a wurinsa, da ya ga ina jujjuya murfin, cewa ya yi, "Malam, ka cika ta da ruwa ka kife a gabana, in ta ɗiga ka bar mini kayana." Gwajin nasa yana da amfani, amma wanda ya fi shi shi ne a sa busasshiyar takarda a ciki, a rufe, a danne robar da dutse a cikin bokitin ruwa ta kwana, domin aikinta a daji hana ruwa shiga ne, ba hana shi fita ba.

Sauran mazuban ba su buƙatar dogon bayani. Gwangwanin madara yana tsatsa a damina ɗaya, kuma ƙarfe ne da 'yan jari-bola ba za su wuce shi ba. Siririyar robar da masu sayar da shinkafa ke zuba abinci tana tsagewa da an danne ta da dutse, kwalba tana fashewa ta yanki hannu, robar da ta taɓa ɗaukar yaji ko man shafawa kuwa, komai wankin da aka yi mata, ƙamshinta zai kira tururuwa da ɓeraye. Akwatin harsashi na ƙarfe, wanda masu wasan a Amurka ke yabawa fiye da komai, ban ba kowa shawarar ko kusantarsa ba. A halin tsaron da Arewa maso Gabas ta shiga, mutumin da aka gani yana cusa irin wannan akwati tsakanin duwatsu ya jawo wa kansa da unguwa tashin hankalin da babu bayanin da zai kwantar.

Wannan ne ya kawo ni ga siffar robar da na fi daraja, wato ana ganin abin da ke cikinta. A ƙasashen waje al'ada ce a fesa wa mazubi fenti mai launin ƙasa domin ya saje da wurin, amma a wurinmu abin da aka ɓoye a dawa fassara biyu yake samu, ko dai abin fashewa ko kuma sammu, kuma duka biyun suna ƙarewa da kiran 'yan banga ko ƙone abin. Saboda haka nakan fente gefen da ke kallon hanya kaɗai, in bar murfin fes, in liƙa takarda daga ciki da ke bayani da Hausa da Turanci cewa wasa ne, babu kuɗi ko wani abin tsoro a ciki, kuma mai wurin ya sani. Maganar ƙarshen nan dole ta zama gaskiya. Ƙa'idar shafin ta wajabta neman izinin mai ƙasa, wanda a ƙauyukanmu yake nufin mai gona da mai unguwa, wani lokaci har da dagaci, kuma ya fi kyau a buɗe musu robar su gani da idonsu. Shafin ya kuma hana haƙa rami, ya hana ajiya kusa da makarantu da wuraren soja da layin dogo, kuma ya ce tsakanin ajiya da ajiya kada a gaza mita 161.

Babban raunin robar shi ne rana. Akasarinsu da folifurofilin ake yi, wanda ake ganewa da lamba 5 a cikin alamar kusurwa uku da ke gindinta, kuma hasken rana yana cin irin wannan roba sannu a hankali har ta dushe ta yi gautsi. Gaɓar kunnuwan ce ke fara karyewa, tun da ita ce mafi siranta kuma ita ake lanƙwasawa kullum, kuma da zarar kunne ɗaya ya fita, ruwa ya sami ƙofa. Zafin Maris da Afrilu, wanda a Bauchi yakan kusanci digiri 40, ba ya yi wa robar da aka bari a fili da sauƙi, don haka a nema mata inuwar dutse da ba ta gushewa da la'asar. Haka nan a nisanta ta daga busasshiyar ciyawa, domin wutar da masu farauta ke saka wa daji da rani narkar da ita take yi nan take, kuma kada a naɗe ta da baƙar leda da sunan ƙarin kariya, tun da ledar ruwa take tarawa ta zama gidan kiyashi.

Inuwar da roba ke so kuwa ita ce wadda kunama da maciji ke so. Yankinmu na kububuwa ne, abin da ya sa har asibitin masu saran maciji ake da shi a Kaltungo ta jihar Gombe, saboda haka ajiyar da sai an zura hannu cikin tsagin dutse ko kogon kuka ba tare da ana gani ba, ajiya ce marar kyau ko da ba ta taɓa jiƙewa ba. A ajiye ta inda ido zai riga hannu isa, inda za a iya jawo ta da sanda, kuma a faɗi haka ƙarara a bayanin da aka wallafa. Manyan duwatsu suna rikita siginar waya, don haka a ɗauki lambobin wurin sau da dama a lokuta dabam-dabam kafin a tura wa masu tantance sababbin ajiya na shafin.

Game da girma, wadda ke cin kusan rabin lita ta ishe mu, kuma tana cikin rukunin ƙanana a ma'aunin shafin, wato daga mililita 100 zuwa lita 1. Tana ɗaukar littafin sa hannu a cikin leda mai zif, da fensir, wanda ya fi biro domin tawada ko ta bushe ko ta zube da zafi, da 'yan kayan musaya irin su tsofaffin kwabbai da mariƙin makulli. Alewa, turare, magani, ashana da wuƙa duk ba su da gurbi a ciki.

Kula da ita yana bin lokutan shekara ne. A ƙarshen bazara, kafin ruwan farko, a cire zoben a wanke shi, a share gurbinsa da tsohon buroshin haƙori, domin ƙurar hunturu tana taruwa a nan ta hana murfi zama daidai. A tsakiyar marka, cikin Agusta, a koma a duba ko littafin ya yi fumfuna ko gara ta yi gini a jikin robar, bayan kaka kuma a ga ko wuta ko kofaton dabbobi sun canja wurin. Idan an sami matsala, shafin yana ba mai ajiya damar dakatar da ita na kusan mako huɗu ya gyara, wanda kuma ya san ba zai iya ci gaba ba, sai ya rufe ta gaba ɗaya ya je ya ɗauke robarsa. Ya dace a sayi biyu iri ɗaya tun farko, domin murfi yakan riga gindi mutuwa kuma ba a sayar da shi shi kaɗai.

Akwai wurin da ba zan kai ta ba ko da an ba ni izini, wato kewayen maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki a gandun dajin Yankari, inda gwaggon biri ya saba da kwasar kayan baƙi kuma ya san abin da irin wannan roba ta saba ɗauka. A irin wurin nan EarthCache ya fi dacewa, wato nau'in ajiyar da ba ta da mazubi sam, wadda aka fara a 2004, inda mai nema yake zuwa ya lura da yanayin ƙasa da duwatsu ya amsa tambayoyin mai ajiya. Maɓuɓɓugar da ruwanta ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin kusan digiri 31 rani da damina ta isa darasi, sai dai ita ma tana buƙatar amincewar masu kula da gandun kafin a wallafa ta.