Sharhi kan darasin Tagalog da na ɗauka ta intanet

Na yi rajistar wani darasin koyon harshen Tagalog ta intanet saboda ina shirin tafiya Manila, babban birnin ƙasar Filifin, karatun aikin jinya. Darasin kashi biyu ne, wato manhaja a waya mai ɗauke da rubutu da sautuka, da kuma ganawa ta bidiyo da wata malama 'yar lardin Bulacan. Da yake agogon Manila yana gaba da na Najeriya da awa 7, bayan sallar asuba muke zama, lokacin da rana ta take a wajenta. A ganina malamar ce ta halatta kuɗin da na biya, ba manhajar ba.

Abin da ya ɗaga darajarta a idona shi ne ba ta raba nahawu da tarihi. Ta bayyana mini cewa Tagalog ɗan dangi ne ga harsunan Malesiya da Indunusiya har ma da na Madagaska, kuma mulkin Sifaniya na fiye da shekara 300, wanda ya ƙare a 1898, shi ya sa har gobe ake faɗin lokaci da lambobin Sifaniyanci, a ce alas-dos ana nufin ƙarfe biyu. Ta nuna mini hoton littafin Doctrina Christiana da aka buga a Manila a 1593, mai ɗauke da tsohon rubutun Tagalog na baybayin, wanda baƙaƙen Latin suka danne daga baya. Daga bakinta na fahimci bambancin sunayen da ke rikita baƙo: a 1937 Shugaba Manuel Quezon ya ayyana Tagalog a matsayin tushen harshen ƙasa, a 1959 aka raɗa wa harshen suna Pilipino, sannan kundin tsarin mulki na 1987 ya tabbatar da Filipino.

Inda harshen yake ba da wahala shi ne aikatau, kuma a nan ta fi nuna gwaninta. Aikatau ne ke buɗe jimla, kuma siffarsa tana sauyawa gwargwadon abin da ake son a mai da hankali kansa. Tushen kain, wato ci, yana zama kumain idan mai ci ake magana a kai, ya zama kinain idan abincin ne a gaba, kuma ɗafin, wato um ko in da aka ƙara, a tsakiyar kalma yake shiga. Ta riƙa ɗaga ayaba a gaban kyamara tana sa ni juya jimla ɗaya ta hanyoyin biyu, ba ta ƙosa ba har kunnena ya saba. Haka kuma ba ta taɓa barin na yi mata magana ba tare da po ba, kalmar girmamawa da ake saka wa na gaba, domin a wajensu barinta ga dattijo rashin tarbiyya ne.

Manhajar kuwa tana da rauni na gaske. Ba ta nuna gaɓar da ake dannawa a kalma, alhali bukas na iya zama gobe ko a buɗe, ya danganta da inda nauyin murya ya sauka. Bahaushe ya san irin wannan matsala daga rubutun boko da ba ya nuna karin sauti, amma a wurin mai koyo babban giɓi ne. Sannan hirarrakin cikinta tsantsar Tagalog ne na littafi, alhali mutanen Manila suna cakuɗa shi da Turanci a abin da suke kira Taglish, musamman a asibiti da ofis, kuma can ne zan fi bukatarsa.

Wanda makarantarsa take Manila ko kewayenta a tsibirin Luzon zai amfana, muddin ya zaɓi tsarin da ke da malami. Wanda zai tafi Cebu ko Davao kuwa ya yi tambaya kafin ya biya, domin harshen Cebuano ake yi a kasuwa da gidajen can, kuma wannan darasi bai taɓo shi ba ko kaɗan.