Diyapo ko baki kawai? Amsa ga ƙanwarmu mai sutunansi

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwarmu mai shirin sutunansi, wato kare aikin bincikenta gaban malamai, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta tambaya wai wanne ya fi riƙe hankalin mutane, ta dogara da PowerPoint ko ta tsaya ta yi bayani da baki kawai. To ƙanwata bari in jera miki su.

Diyapo, wato shafukan PowerPoint da ake haskawa, aikinshi nuni ne. A ce aikinki kan sassaben zamani ne, wannan barin gawo da sauran itatuwa su tsiro cikin gona da aka san yankin Maradi da shi, hoton gona biyu, guda fili fetal guda da itace, ya fi dogon surutu. Taswira ma haka, lissafi ma haka. Inda ake ɓata shi shine mutum ya kwashe memuwar ɗinshi, wato rubutaccen bincikenshi, gaba ɗaya ya liƙa da ƙananan rubutu sannan ya juya ma malaman juri ƙeya yana karanta musu abin da idonsu ya riga ya karanta, wallahi nan take za ki ga kowa ya koma kan wayarshi. Wani ba'amurke Guy Kawasaki yana da ƙa'ida da ya kira 10/20/30, diyapo 10, minti 20, girman rubutu kar ya gaza 30. Ba dole ki bi ta sak ba amma ta 30 ɗin nan ki riƙe ta, na baya ma yana son ya gani.

Baki kuma shi ke da rai. Kina kallon fuskokin mutane, kin ga sun fara hamma sai ki canza murya ko ki jefa tambaya, kuma ko kuran ya ɗauke bai dame ki ba. Taron manoma ƙarƙashin itace wajen Tibiri ko Madarounfa wa zai kai purojekta? Sai dai lambobi ba su zama a kunne, kuma wanda bai shirya ba sai ya yi ta zagaye har lokaci ya ƙare bai kai ga sakamakon bincikenshi ba, wanda kuma shi aka zo ji.

Ni dai a sutunansi haɗa su nake cewa a yi, amma bakin ne gaba, diyapo na biye. Dubi gasar nan ta Ma thèse en 180 secondes, binciken dokta sukutum a minti 3 da diyapo guda tak, kuma ana ganewa.

Ki sa fayil ɗin a kile USB, ki fitar da shi a takarda saboda kuran, sannan ki zaunar da Inna ki yi mata bayanin da Hausa kina duba agogo. Inda ta ce "me kika ce?" nan za ki gyara. Allah ya ba da sa'a.