But na fata ko na yadi: wanne zai iya da tuddan Kinder Scout da Dartmoor?

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin but, wato takalmin hawan tudu, na fata da na yadi mai tantanin hana ruwa na Gore-Tex da ka turo mana hotunansu, ɗauki na fata. Da a kan hanyoyin da aka zuba wa tsakuwa za ka tsaya, kuma a watan Yuni ko Yuli kaɗai, da kowanne ka saya ya yi. Amma ka ambaci Kinder Scout da Bleaklow da arewacin Dartmoor, kuma a waɗannan tuddai na Ingila ƙasar wurin ce ke zaɓa maka takalmi.

Abin da za ka taka a can ruɓaɓɓen tsiro ne da ya yi dubban shekaru yana taruwa cikin ruwa, baƙi wuluk, mai tsami, yana riƙe ruwa kamar soso. A saman Kinder Scout, mai tsayin mita 636, ruwan sama ya yayyanka wannan taɓo zuwa kwazazzabai, wasu zurfinsu ya fi tsayin mutum, sai ka gangara ka hau, ka sake gangarawa. Inda taɓon ya ƙare akwai heda, gajeriyar shukar nan mai tauri da ke fure a watan Agusta. Tana da kyau a ido, amma rassanta suna gogar takalmi a kowane taku. Sai kuma yashin da ke fita daga duwatsun yankin Dark Peak, inda Kinder Scout da Bleaklow suke, mai kaifi ne, kuma duk inda ya ga ɗinki sai ya shige. Ruwa, gogayya da yashi: su ukun nan ne ke kashe takalmi a can, kuma dukkansu ta wurin ɗinki suke fara ɓarna.

Shi ya sa na fata ya yi gaba. But mai kyau ana yanka samansa daga fata guda ɗaya ko biyu, kaurinta milimita biyu zuwa biyu da rabi, ɗinkinsa kaɗan ne, kuma an zagaye ƙasansa da roba don dutse da heda su ci robar su bar fatar. Harshensa a ɗinke yake da jikin takalmin har kusan sama, don haka ruwa ba ya samun ƙofa ta wajen igiya. Yawancin na yanzu ma suna da tantanin hana ruwa a ciki, ka ga kariya biyu ke nan: idan tantanin ya mutu bayan shekaru, fatar da ake shafa wa kaki za ta ci gaba da tare ruwa. Irinsa nake sawa, kuma abin da na fi so a jikinsa shi ne yadda yake gyaruwa da tsufa. Fatar tana koyon ƙafar mai ita, ta lanƙwashe daidai inda yatsu ke lanƙwasa, ta rungumi idon sawu. Idan ka fito daga taɓo, ka tsaya cikin ƙaramin rafi minti ɗaya, baƙin ya wanke, safarka na nan a bushe. Idan tafinsa ya cinye kuma, ana cire shi a sa sabo. Kamfanin Altberg da ke Richmond a arewacin Yorkshire yana yin takalma da faɗi iri biyar, yana kuma sake wa nasa tafi. Scarpa da Meindl su ma suna da na fata da ake iya sake wa tafi.

Taurinsa ma yana da amfani a Dartmoor, inda ciyawa ke girma dunƙule-dunƙule, ka taka ɗaya ta juya da kai. Tafi mai tauri da wuya mai tsayi suna rage wa idon sawu aiki. Ka duba haƙoran tafin, zurfinsu ya kai milimita huɗu zuwa biyar, a wawware suke don taɓo ya riƙa faɗuwa da kansa, kuma dunduniyar tana da gaɓa a fili, ita ce birkinka a gangaren ciyawa mai santsi.

Laifinsa biyu ne, nauyi da kuɗi. Ƙafa biyu kan kai kilo ɗaya da rabi ko fiye, kuma mai kyau da wuya ka same shi sabo ƙasa da fam 200. Yana kuma buƙatar sabawa da ƙafa: ka fara da sa shi a gida da yamma, sannan tafiyar kilomita uku zuwa biyar sau da yawa cikin mako biyu ko uku, kafin ka kai shi tudu. Wanda ya ciro shi daga kwali ya nufi Edale, ƙauyen da ke gindin Kinder Scout, da shi, bororon dunduniya ne zai mayar da shi tashar jirgin ƙasa.

Na yadi kuwa, ba shi da nauyi, ya fi arha, ana sa shi a tafi ranar da aka saya, kuma yana saurin bushewa. Wannan na ba shi. Amma an haɗa shi ne daga guntaye da yawa, kowane guntu da ɗinkinsa, kuma tantanin nan shi kaɗai ne mai tare ruwa. Yashi yana bi ta yadin ya zauna a inda takalmin ke lanƙwasa, ya yi ta gogar tantanin har ya huda shi, daga nan babu gyara.

Sai dai ka sani, babu wanda zai cece ka a cikinsu idan ka nutse har ƙwauri, ta sama ruwan zai shiga. Don haka ka haɗa da geta, rigar ƙwaurin nan da ake ɗaurawa daga ƙasan gwiwa zuwa kan takalmi, mai maɗauri ta ƙarƙashin tafi. Tana hana taɓo da tsakuwa shiga, tana kuma rage kaska, wadda take da yawa a cikin dogayen ciyayin da tumaki da barewa ke bi, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Ka koyi karanta ƙasa ma. Inda ka ga wuri shimfiɗe, kore shar mai haske, gansakuka ce a kan ruwa, ka zagaye. Farar ciyawa mai kamar auduga a kai alamar jiƙa ce. Inda heda ta yi yawa ya fi bushewa. A sassan Pennine Way, doguwar hanyar masu tafiya a ƙasa wadda aka buɗe a 1965 kuma ta tashi daga Edale har Kirk Yetholm, an shimfiɗa falalen duwatsu a kan taɓon. Suna sauƙaƙa tafiya, amma in sun jiƙe ko ƙanƙara ta kwanta a kansu, kowane irin tafi yana zamewa, sai a rage tsawon taku.

Wajen gwaji, je shago da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiya da ita, ta ulu, don ta auduga tana riƙe gumi ta jawo bororo. Kwance igiya, tura ƙafarka gaba har yatsu su taɓa, yatsan hannu ɗaya ya shiga bayan dunduniya. Ɗaure, ka gangara kan ɗan tudun gwajin da shagunan ke ajiyewa. Idan yatsu sun bugi gaba, ya yi ƙanƙanta, kuma farce ne zai biya. Idan dunduniya tana ɗagawa sosai, ya yi faɗi, ka canza faɗi, kada ka rage lamba.

Bayan kowace tafiya ka wanke shi da ruwa zalla da buroshi mai laushi, domin tsamin taɓon yana busar da fata. Cire shimfiɗar ciki, cusa jarida, ka riƙa canzawa, ka bar shi ya sha iska. Kada ka ɗora shi kan hita, zafi yana tsattsaga fata ya kuma saki gam. Idan ya kusa bushewa ka shafa kaki irin na Nikwax ko Grangers, siriri, ka bi ɗinki da inda yake lanƙwasa. Mai da yawa yana sa fata ta yi laushi fiye da kima ta daina riƙe ƙafa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa a intanet da ke rubuta cewa sabo ne, ba a taɓa sawa ba, rabin kuɗi. Da yawa tsohon ajiya ne. Tsakiyar tafin yawancin but na fata da wata roba ake yinsa mai suna poliyuretan, wadda danshin iska ke ruɓar da ita sannu a hankali, kuma wanda aka ajiye shekaru ba a sawa ya fi saurin lalacewa. Daga waje fes, ka yi kilomita biyar tafin ya ɓare ya bar ka a tsakiyar tudu. Ka nemi rasit ko shekarar da aka ƙera shi. In yana hannunka, danna tsakiyar tafin da farce, ka lanƙwasa shi: in ya yi danƙo, ko ya tsattsage, ko gari na zuba, ajiye masa kayansa. Akwai kuma shafukan bogi da ke kwaikwayon na manyan kamfanoni da rangwamen da hankali ba zai ɗauka ba, sai su aiko jabu ko su yi shiru da kuɗinka. Alamar Gore-Tex da ke rataye a jiki ba hujja ba ce, kowa na iya buga ta.

In kuɗin bai kai ba yanzu, ka jira rangwamen ƙarshen shekara a shagon da za ka iya gwadawa da ƙafarka. Ragowar canjin ka sayi geta, kamfas da taswirar Ordnance Survey (hukumar taswirar Birtaniya), OL1 don Dark Peak, OL28 don Dartmoor, saboda hazo yana rufe saman tuddan nan cikin mintuna kuma ba ko'ina waya ke samun sabis ba. Kafin ka shiga arewacin Dartmoor ka duba jadawalin harbin sojoji na filayen Okehampton, Merrivale da Willsworthy. Ranar da aka ɗaga jar tuta, ba a shiga.